Rufin asirin mai nema: abin da na koya a aikin tara gudummawa ta waya

Na ajiye aikina a gidauniyar da kuka san ni da ita. Na miƙa lambobin sirrin shafukan, da wayar ofis, da littafin masu jinya, ban kuma bar nauyin kowa a wuyana ba. Mutane da dama sun turo suna tambaya ko wani aikin na samu, wasu kuma sun riga sun ji labarin daga bakin da ba nawa ba. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda muka zauna ofis ɗaya sun san kan zancen ciki da bai, waɗanda ba su sani ba kuwa suna ba zai ƙare su da komai ba.

Tsawon zamana a wurin tambaya guda nake kwana da ita nake tashi. Me ke sa mutum yana riƙe da wayarsa, labarai na wucewa ta gabansa ba iyaka, ya tsaya a kan namu, ya kwafi lambar asusu, ya tura kuɗin da ya yi gumi kafin ya samu ga wanda bai taɓa sa wa ido ba? Shugabanmu yana da tasa amsar, ba ya kuma gajiya da nanata ta: hawaye. A nuna fuska, a matso da kyamara, a bar mutum ya yi kuka har ya gaji. Daga wani taron bita ya dawo da wannan karatu, tun daga nan duk abin da na rubuta sai ya tambaye ni, "Malama, ina fuskar?"

Ba zan zalunce shi in ce maganar ba ta da tushe ba. Akwai binciken da masanin halayyar ɗan Adam Paul Slovic da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2007. Sun ba mutane 'yan daloli, suka nemi kowa ya ba da abin da ya ga dama don yara masu fama da yunwa a Afirka. Wasu aka karanta musu alƙaluma, miliyan kaza na cikin yunwa a ƙasa kaza. Wasu aka nuna musu yarinya guda, 'yar shekara 7 daga Mali mai suna Rokia. Waɗanda suka ga yarinyar sun ba da kusan ninki biyu, da aka haɗa hoton da alƙaluman ma sai kyautar ta ragu. Haka aka gani a Satumban 2015 lokacin da hoton gawar Alan Kurdi, ƙaramin yaron nan ɗan Siriya, ya bazu daga bakin teku a Turkiyya. Yaƙin ya riga ya lashe rayuka fiye da dubu 200 duniya na kallo, amma a makon da hoton ya fita yawan masu tura taimako ga ƙungiyar Red Cross ta Suwidin ya ninka fiye da sau 100. Bayan 'yan makonni abin ya lafa. Zuciyar ɗan Adam ko'ina yake ta fi motsawa kan mutum ɗaya da take gani, wannan kam na yarda da shi.

Akwai dai abin da ba a faɗa masa a taron ba. Ba'amurken da ya ga hoton Rokia ba zai taɓa haɗuwa da ita a layin famfo ba. Ba ya bin babanta sallah, ɗansa ba zai nemi auren yayarta ba. Tsakanin mai kallo da wanda ake kallo akwai teku. Mu kuwa wanda muke ɗauka a bidiyo da wanda zai kalla lungu ɗaya suke, maƙwabta ne, surukai ne, abokan kasuwa ne. Kafin bidiyon ya kai ga mai kuɗin Legas ko Landan, ya riga ya zaga majalisar ƙofar gidan mutumin. Na yi ta faɗin wannan a ofis ba a saurare ni ba, sai da abin ya faɗa kan wani dattijo.

Tela ne, ya shekara da shekaru yana ɗinki a bakin wata kasuwa a cikin birni. Ƙodarsa ta gaza, likita ya ce sai wanki sau biyu a mako. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san yadda wannan wanki ke cinye gida. Ya sayar da fili, ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa, uwargidansa ta fitar da kayan ɗakinta. Bai zo wurinmu ba. Wani yaron shagonsa ne ya kawo mana takardun asibiti ba da saninsa ba, ni kuma aka tura ni in tabbatar. Na same shi a zaure, ya sa an shimfiɗa min tabarma an kawo ruwa, yana ta ba ni haƙuri wai an wahalar da ni. Da na gama bayani ya daɗe shiru, sannan ya ce, "'Yata, ni tunda nake ban taɓa miƙa wa wani hannu ba. In za a taimaka don Allah, na gode, Allah Ya biya. Amma ina da 'ya'ya mata, ɗaya ma an sa ranarta. Kada a sa fuskata, kada a faɗi sunana." Na ce, "Baba, na yi maka alkawari."

Kun san ƙa'idarmu, sai an ɗauki bidiyon mai jinya an ajiye a fayil don kwamiti ya gani kafin a buɗe neman taimako. Na yi masa bayanin cewa na ofis ne kawai, ya yarda. Yana cikin magana ya zo kan ranar da aka ɗora kekensa a kura aka tafi da shi, sai murya ta sarƙe, ya rufe fuska da babbar rigarsa. Na kashe kyamarar, amma abin da ya shiga ya riga ya shiga. Da na koma na rubuta a kan fayil ɗin da babban baƙi cewa bai amince a wallafa ba, na kuma faɗa wa Shugaba baki da baki.

Sanarwar da na fitar ba ta da fuska. Na sa hoton takardar asibiti an rufe suna, da hoton keken da ya rage a shago an lulluɓe shi, da muryar limamin unguwar yana shaida cewa ya san mutumin, mai sana'a ne, mai kamun kai ne, kuma halin da aka faɗa gaskiya ne. Kuɗi suka fara shigowa, ba da gudu ba, amma kullum sai alat ya shigo, kuma abin da ke taruwa yana ɗaukar wankin mako. Shugaba bai gamsu ba. Ya kira ni ya ce, "Malama, wannan ai tafiyar hawainiya ce, ga bidiyo mai kyau kin ɓoye." Na ce, "Yallaɓai, alkawari na ɗauka, kuma dattijon yana da hujja." Ya ce, "Alkawarin ne zai biya kuɗin asibiti?" Shi ma yana da lambar sirrin shafukan. Wani daren Juma'a ya ɗora bidiyon yadda yake, da suna, da unguwa, a Facebook da TikTok. Da asuba na gani.

Kuɗi sun zubo, ba zan ɓoye ba. Ba mu taɓa tara irinsu a kan mutum ɗaya ba. Shugaba ya shigo ofis yana fara'a, yana nuna wa kowa wayarsa. Amma abin da ya biyo baya ba ya cikin rahoton da aka kai wa kwamiti. Wasu marasa tsoron Allah suka yanki bidiyon suka liƙa lambar asusunsu, suka yi ta karɓa da kukan bawan Allah, mu kuma ba mu da ikon sauke abin da ba a shafinmu yake ba. Dangi na nesa da ba su leƙo shi a asibiti ba suka fara sallama, sun ji an ce an tara masa miliyoyi, kowa da buƙatarsa, alhali kuɗin ko hannunsa ba su taɓa ba. Dangin wanda zai auri 'yarsa suka aiko a ɗaga biki, maganar da ta fito daga ɓangaren matansu ita ce ba a faɗa musu gidan bara za su shiga ba. Mutumin da ba ya rasa sahun farko ya daina fita jam'i, ko a ranakun da jikinsa ya yi sauƙi. Ya kira ni sau ɗaya, bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya ce, "'Yata, ba haka muka yi da ke ba." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Liman da wasu dattawan unguwar suka zo ofis. Liman ransa a ɓace, don da muryarsa aka fara neman taimakon, mutane na ganin da saninsa aka tona asirin maƙwabcinsa. A gabansu, a gaban dukkan ma'aikata, Shugaba ya gyara zama ya ce yarinyar da ke kula da shafi ce ta yi gaggawa ba ta nemi izini ba, kuma za a ɗauki mataki. Ina tsaye. Fayil ɗin da rubutuna a kai yana kan teburinsa. Na ce, "Yallaɓai, ka san ba ni na ɗora ba." Ya ce ba a nan za a yi wannan maganar ba. Washegari aka miƙo min takardar tuhuma. Haka aka shafa min kashin kaji a kan abin da ni kaɗai na tsaya na ce kada a yi. A ɗakin nan akwai wanda ya san sa'ar da aka ɗora bidiyon da wayar da aka ɗora shi da ita, ya sunkuyar da kai. Na san albashi yake karewa, na san yana da iyali, na yi ƙoƙari in yi masa uzuri. Har yau abin bai gama sauka daga raina ba.

Sai magana ta biyu ta taso. Masu bayarwa suka fara tambayar nawa aka tara, nawa aka biya asibiti. Lissafin bai haɗu ba, domin an cire wani kaso mai kauri da sunan kuɗin gudanarwa, ba a kuma taɓa sanar da kowa za a cire ba. Ni ban ce haramun ne gidauniya ta ɗauki abin biyan haya da mai da albashi ba. Ko a rabon zakka, ayar Suratut Tauba ta ware wa masu aikin tara ta kasonsu. Abin da ake buƙata shi ne a faɗa tun kafin mutum ya tura, ya san cikin dubunsa nawa zai kai gadon asibiti. Umarnin da aka ba ni shi ne in goge tambayoyin, in toshe masu yin su. Na ƙi. Daga ranar na san zamana ya ƙare, sauran lokacin da na yi na haɗa lissafin masu jinyar da ke hannuna ne don kada a bar su a rataye.

Bahaushe mai bayarwa ba ya rubuta takardar ƙorafi. Janye hannunsa yake yi shiru. Akwai sunayen da na haddace saboda kowace Juma'a sai na gan su a alat, 200, 500, 1,000, shekara da shekaru ba fashi. Bayan wannan lamari na ga suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Bidiyo guda ya kawo taron baƙi waɗanda suka ba da sau ɗaya suka wuce, ya kore mana mutanen da su ne ƙashin bayan aikin. Wannan kuwa ba halinmu ba ne mu kaɗai. A Sin a 2011 wata budurwa ta riƙa nuna motocin alfarma da jakunkuna masu tsada a Weibo, shafin sada zumunta na ƙasar, tana cewa tana da muƙami mai alaƙa da Red Cross ta ƙasar. Ƙungiyar ta musanta, amma gudummawar jama'a ta faɗi warwas, an kuma daɗe ba a manta ba. A Amurka a 2017 wani mutum da budurwarsa a jihar New Jersey suka tara kusan dala dubu 400 a GoFundMe, shafin tara gudummawa na intanet, da labarin wani mara matsuguni da wai ya ba matar dala 20 ta ƙarshe da yake da ita ta sayi mai. Daga baya aka gano shiri ne, kotu ta ɗaure su, kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu. Can akwai kamfani a tsakiya da zai mayar. Mu GoFundMe ba ya ma biyan kuɗi zuwa asusun Najeriya, yawancin neman taimakonmu lambar asusun banki ce tsirara, ko ta OPay ko Moniepoint, a ƙarƙashin hoto. Abin da ya fita ya fita. Shi ya sa mutumin da ke tsaye a bayan lambar shi ne komai.

Abin da na gani da idona, tambayar farko a zuciyar mai bayarwa a nan ita ce wa ya turo. Sanarwa guda za mu sa a Facebook dubbai su gani, su rubuta "Allah Ya ba shi lafiya", alat bai taka kara ya karya ba. Ita dai wannan sanarwar in wani ya ɗauke ta ya jefa a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, ko na 'yan garinsu, ko na matan islamiyya, ya ƙara da muryarsa cewa ni na san gidan, kafin magariba ka ga bambanci. Amanar da ke tsakanin mutane tun kafin waya ita ce ke tafiya a cikin wayar. Gudummawar biki, da adashi, da gayya duk a kan sanayya aka gina su. 'Yan Kenya sun gane wannan da wuri. Al'adarsu ta harambe, wato tara hannu a yi wa wani ko gari aiki, ta girmi waya nesa ba kusa ba, da M-Pesa, tsarinsu na tura kuɗi ta waya, ta zo a 2007 sai ta sami hanya. Da aka yi fari a 2011 talakawan ƙasar suka riƙa tura 'yan shilin ta waya ƙarƙashin gangamin Kenyans for Kenya har aka tara ɗaruruwan miliyoyi cikin makonni.

Hausawanmu na waje su ma haka suke, sai dai sunan gari ne ke taɓa su. Mutumin Kumasi ko Nima a Akara, ko na Jidda, ko na Maraɗi da Damagaram, yana jin an ambaci garin kakanninsa zai kira ya tambayi yadda zai aiko, ko da sai ya bi ta hannun ɗan kasuwa mai zuwa Kano. Waɗanda suka daɗe a Ingila kuwa da wata tambayar suke zuwa: kuna da rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ina rasit, kaso nawa kuke cirewa? Shugaba yana ɗaukar wannan rainin hankali. Ni na fahimci inda suka saba ne. A can gidauniya mai rajista tana bayyana lissafinta ga hukuma duk shekara kowa ya gani, gwamnati ma tana ƙara kashi 25 cikin 100 a kan kyautar mai biyan haraji ta tsarin Gift Aid. Wanda ya zauna cikin wannan, tambayar rasit ba zargi ba ce a wurinsa.

Wata rana Shugaba ya zo da shawarar mu yi irin gasar zuba ruwan ƙanƙara da ta karaɗe duniya a 2014, wadda ta tara wa wata ƙungiyar Amurka mai yaƙi da ALS, cutar da ke kashe jijiyoyin jiki, dala miliyan 115. A wancan wasa mai bayarwa ne ke fitowa a bidiyo, ya zuba wa kansa ruwan ƙanƙara, ya kira sunan abokansa uku ya ƙalubalance su a bainar jama'a. Haka wani tsohon soja, Kyaftin Tom Moore, a Ingila a 2020, yana da shekara 99 ya ce zai zaga lambun gidansa sau 100 don ma'aikatan lafiya, yana neman fam 1,000, aka tara fiye da fam miliyan 32. Su a wurinsu mutum ya wahalar da kansa a fili, abokai su biya, hanya ce ta mutunci da kowa ya sani. Na ce masa mutanenmu akasin haka suke turo min kullum. Saƙon da na fi samu bayan alat shi ne "don Allah kada a sa sunana". Rabin jerin da nake fitarwa "wani bawan Allah" ne da "wata baiwar Allah". Mutum ya taso yana jin hadisin wanda ya yi sadaka ya ɓoye har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba, yana tsoron riya ta cinye masa lada, ka ce ya fito ya yi wasa da ruwa don a san ya bayar? Japanawa ma suna da irin wannan kunyar. A Disambar 2010 wani ya ajiye jakunkunan makaranta 10 a ƙofar wata cibiyar kula da yara a garin Maebashi bai bar sunansa na gaskiya ba, cikin makonni mutane a faɗin ƙasar suka yi ta kwaikwayonsa, su ma a ɓoye.

Ban ce bayyanawa laifi ba ce. Ayar Baƙara ta yabi sadakar fili, ta ce ta ɓoye ta fi. Wata abokiyar aikina 'yar kudu maso gabas ta taɓa yi min bayanin yadda ake ƙaddamar da asusu a ƙungiyar garinsu: a kira sunanka a lasifika a faɗi abin da ka bayar, domin sa'o'inka su ji nauyi su tashi. A wurinsu wanda Allah Ya ɗaga ya ɓoye kyautarsa kamar ya ƙi jan ragama ne. Mu ma manyanmu suna yin haka a taron gidauniyar masallaci ko makaranta. Abin da na lura da shi dai, in muka fitar da jerin manyan kyaututtuka kaɗai, masu ƙaramin ƙarfi sai su ja baya, suna ganin nasu ba zai yi komai ba. In na jera har da mai 100 da mai 200, sai irinsu su yi ta shigowa. Mutum yana so ya ga cewa irinsa ma na bayarwa. Shugaba ya fi son a sa hoton babban mutum yana miƙa ƙaton cek.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin, wannan kowa a aikin ya sani. Abin da za a tara a goman ƙarshe na azumi ba a tara shi a wata uku na sauran shekara, daren Juma'a da safiyarta kuma sun fi sauran mako. Manhajar tara gudummawa ta LaunchGood da Musulmin Amurka suka kafa a Detroit a 2013 har tsari ta yi wanda mutum zai raba sadakarsa a kan dararen goman don kada Lailatul Ƙadari ta wuce shi. A jadawalin ƙasashen da suka fi kyauta da gidauniyar CAF ta Birtaniya ke fitarwa, Myanmar ta riƙe matsayi na ɗaya daga 2014 zuwa 2017, ƙasar da mabiya addinin Buddha ke fitowa da abinci kowace safiya su zuba wa masu ibadarsu. Bayanta Indonesiya ta shafe shekaru a sama. Babu ɗayansu a sahun ƙasashe masu arziki. Mutanen da bayarwa ta zame musu ibadar yau da kullum ba sai an girgiza su da kuka ba, tunatarwa suke buƙata da tabbacin cewa abin zai isa inda aka ce.

Na gwada wannan da hannuna a lokacin ambaliyar Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024. Shugaba ya yi tafiya, aikin ya rage a hannuna. Ban sa fuskar kowa ba. Kowane dare nakan fitar da abin da ya shigo, da abin da aka saya, da hoton rasit, da sunan sansanin da aka kai, da muryar wanda ya karɓa a madadin jama'a. Ranar da motar kaya ta lalace a hanya na faɗa. Mutanen da suka ba da a makon farko suka sake bayarwa a na biyu da na uku, wasu suka jawo 'yan'uwansu. Ba a taɓa ambaton wannan aikin a wani taron ofis ba, amma waɗanda suka bayar sun sani, waɗanda suka karɓa ma sun sani.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Izinin mai jinya a rubuce ake karɓarsa, da shaida, kwafi ɗaya ya kwana a gidanku, kada duka su zauna a teburin shugaba. Bidiyon tantancewa kada ya shiga wayar da ke da shafin. A raba asusun zakka da na sadaka, masu bayarwa suna tambaya kuma suna da gaskiya. Kuɗin jinya a biya asibiti kai tsaye. Hoton alat ba kuɗi ba ne sai an gani a asusu. In mai jinya ya rasu a sanar a rufe neman taimakon a ranar, a faɗi inda ragowar za ta. Yaro ƙarami ba shi da bakin ba da izini, talaucin uwarsa kuma ba izini ba ne. In shugabanki ya ba ki umarnin da kika san ba daidai ba ne, ki nemi ya turo a rubuce, za ki ga sau nawa zai fasa.

Dattijon yana nan da rai, alhamdu lillahi. 'Yan'uwansa teloli ne suka ɗauki nauyin wankin yanzu, suna haɗawa a tsakaninsu duk mako, ɗayansu ya kai asibiti, ba hoto ba sanarwa. Na je na gaishe shi bayan na bar aiki, na faɗa masa yadda abin ya faru, ya ce ya riga ya sani, liman ya bincika. Bikin 'yarsa har yanzu ba a sa sabuwar rana ba.

Bidiyon yana nan a shafin gidauniyar, an ma maƙale shi a sama saboda shi ya fi kowanne yawan masu kallo. Na nemi a sauke shi da baki, na nema a rubuce, na sake nema a takardar ajiye aikina. Ku da kuka rage a ofis, akwai mutum biyu a cikinku da ke da lambar sirrin. Ku sauke shi.